Buga Littattafan Addini Don Taimakon Mabuƙata a Maraɗi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga kwamitocin masallatai, ƙungiyoyin mata masu kula da marayu, malaman zaure da na islamiyya, da attajiran da ke son barin abin da zai ci gaba da gudana bayansu. Kuɗin da za ku gani cikin lissafi misali ne don a gane hanya. Farashin yau a bakin mai maɗaba'a ake jin sa, kuma a rubuce.

Da gaske ne littafi yana iya ciyar da maraya?

Yana iya, amma ba ranar da ya fito daga maɗaba'a ba. Littafi haja ce mai nawa. Buhun gero ko na aya yana fita cikin kasuwa ɗaya ko biyu, littafi kuwa yana iya shekara kafin a buɗe kwali na ƙarshe. Abin da ya fi sauran haja da shi shi ne ba ya ruɓewa, ana sake buga shi, kuma alherinsa biyu ne: mai saye ya ƙaru da ilmi, ribar ta je ga mabuƙaci. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya ambaci abu uku da ba su yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Wannan aiki ya haɗa biyu daga ciki.

Abin da ke kashe shi kuwa guda ɗaya ne, kuma kusan kullum da kyakkyawar niyya ake yin sa. Kuɗin ciniki ya fara shigowa, sai ga mara lafiya a asibiti, sai ga gidan da ruwa ya rusa, sai a ɗauka a bayar. Wata uku bayan haka littafi ya ƙare a kasuwa, mutane na tambaya, babu kuɗin sake bugu. Kuɗin da ya fara shigowa hannu ba riba ba ne, uwar kuɗi ce ke dawowa gida. Wanda ya yi sadaka da ita ya ciyar sau ɗaya ya rufe ƙofa.

Ya halatta a sayar da littafin addini, har da Alƙur'ani?

Ya halatta. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, da ma wajen Hanafawa, ba laifi a sayar da mus'hafi, domin kuɗin na takarda ne da tawada da aikin hannu, ba na maganar Allah ba. Hambalawa sun fi tsanantawa a kan mus'hafi kaɗai. Littattafan fiƙihu, hadisi da addu'o'i ba su da wannan saɓani. Abin da bai halatta ba shi ne sayar da kwafin da aka yi waƙafinsa don a raba kyauta. In ka ga hatimi ko rubutun da ke cewa waƙafi ne, ba na sayarwa ba, to ko da sunan marayu kada ka ɗora masa farashi.

Za mu iya zuba kuɗin zakka a matsayin jari?

Kada ku yi. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade mutane takwas da ake ba zakka, kuma a wajen mafi yawan malaman mazhabobi buga littafi ba ya cikinsu, kamar yadda ginin masallaci ba ya ciki. Akwai malaman wannan zamani da suka faɗaɗa ma'anar fisabilillahi har ta haɗa da yaɗa ilmi, amma ko su ba su ce a tsare haƙƙin talaka wata takwas cikin kwali ana jiran ciniki ba. Jari ya fito daga sadakar ganin dama, ko waƙafi, ko rance mara ruwa. Malikiyya ta yi sauƙi ƙwarai a nan: tana karɓar waƙafin abin da ake ɗauka kamar littattafai, tana kuma karɓar waƙafi na ƙayyadadden lokaci. Alhaji yana iya cewa ya tsayar da wannan dukiya shekara biyar don wannan aiki.

In kuwa kasuwancin na mutum ɗaya ne, yana dai cire wani kaso na riba yana bayarwa, to littattafan kayan kasuwa ne kamar atamfa. Zai ƙiyasta su ƙarshen shekara ya fitar da kashi 2.5 cikin ɗari in sun kai nisabi. Sadakar da yake yi ba ta ɗauke masa zakka.

Wane irin littafi ne ya fi fita?

Ƙarami, mai araha, wanda ake buƙata kullum. Azkar na safe da yamma, koyon alwala da salla, hukuncin jinin haila da biƙi, yadda ake wankan gawa da sallar jana'iza, jagoran mahajjaci, da matanin da ake karantawa a zaure kamar Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala da Arba'una Hadis, musamman in an sa wasali cikakke da fassarar Hausa a ƙarƙashi. Shafi 32 zuwa 96 shi ne gwargwado. Babban littafi mai shafi 400 yana ɗaga sunan marubuci, amma yana kwantar da jari.

Littafin da ke sukar wani ɓangare ba na wannan aiki ba ne. Maraɗi gari ne da ɗan ɗariƙa da ɗan Izala suke kasuwa ɗaya, kuma maraya ba ya tambayar daga aljihun wa abincinsa ya fito. Littafin raddi yana raba masu saye gida biyu tun kafin a buɗe kwali.

Da boko za mu buga ko da ajami? Warshu ko Hafsu?

Ku fara tambayar wa zai karanta. Ɗalibin zaure da dattijon karkara a Tasawa, Dakoro ko Mayahi sun fi sakewa da ajami. Ɗalibar islamiyya da wanda ya yi lakkwal sun fi sauri da boko. Ana iya haɗawa, Larabci a sama, boko a ƙasa, amma shafuka za su ƙaru, kuɗi ma haka.

A boko ku tabbata haruffa masu lanƙwasa sun fito: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar tana amfani da ƴ, ta Najeriya kuwa 'y. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai. Ba kowane salon haruffan kwamfuta ne ke da su ba. Charis SIL da Andika suna da su, kuma kyauta ne. Don ajami akwai Alkalami, wanda aka zana shi bisa rubutun hannu irin na Kano, da Harmattan.

Maganar ruwaya, wato hanyar karatun Alƙur'ani da aka bi, ta fi wannan nauyi. Makarantun allo Warshu suke karantawa da rubutun Magariba, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Islamiyyu da yawa Hafsu suke bi, irin bugun Madina. Bambancin bai tsaya ga lafazi ba, har lambar aya: ƙidayar da Hafsu ke bi 6,236 ce, wadda ake bi a mus'hafin Warshu 6,214, kuma Baƙara aya 286 ce a can, 285 a nan. Mai buga rubutu a kwamfuta yakan kwafo aya daga intanet, wadda kusan kullum Hafsu ce, ya liƙa ta cikin littafin da sauran ayoyinsa Warshu ne. Gardi yana buɗewa zai gani, kuma daga ranar littafin ya rasa daraja a tsangaya. Ku rubuta a shafin farko ruwayar da kuka bi.

Tunda littafin addini ne, ba kowa ke da ikon buga shi ba?

A'a. Matanin magabata na kowa ne: Ibn Abi Zaid mai Risala ya rasu a shekarar 386 bayan Hijira, Imamu Nawawi a 676, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817 Miladiyya, Nana Asma'u a 1864. Ba wanda zai hana ku buga maganarsu. Amma fassarar da wani malami ya yi a zamaninmu tasa ce, ta magadansa ce bayansa. Sharhinsa nasa ne. Tsarin shafukan da wata maɗaba'a ta kashe kuɗi ta yi, ba a ɗaukar hotonsa a sake bugawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin marubuci haƙƙi ne da shari'a ta kare. A dokar ƙasa kuma hukumar BNDA da ke Yamai ce ke kula da haƙƙin mawallafa, can ake rajistar aiki. Ba a taimakon maraya da haƙƙin wani, wanda wataƙila shi ma marayu ya bari.

Malam ya ce ya bar mana littafinsa fisabilillahi. Maganar baki ta isa?

Tsakaninku da Malam ta isa, tsakaninku da magadansa ba ta isa ba. Ku rubuta takarda, shaidu biyu su sa hannu, a fayyace abu biyar: kyauta ce, waƙafi ne, ko kuwa yana da kaso, bugu ɗaya ne ko duk bugun da zai biyo baya, wa ke da ikon gyara, ina ribar za ta je, in ƙungiya ta watse littafin ya koma hannun wa. A Malikiyya kyauta da waƙafi ba su cika sai an karɓa hannu tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In ya rasu rubutun yana cikin akwatinsa, ya zama gado. In kuwa ya ce sai bayan ransa, to wasiyya ce, ba ta wuce sulusin dukiya.

Kuma ku duba halin Malam ɗin. Sau da yawa kunya ce ke sa malami ya ce ya bar komai, alhali gidansa na buƙata. Ware masa kashi 10 cikin ɗari na farashi ba ya rage ladan kowa.

Daga rubutun hannu zuwa littafi, mene ne matakan?

Da farko a buga rubutun a kwamfuta, a fitar da shi a takarda, marubuci ya karanta da jan biro. Sannan wani malami daban, wanda ba ɗalibin marubucin ba, ya duba hukunce-hukunce da ingancin hadisai. Ayoyi kuwa mahaddata biyu ake sa wa: ɗaya yana karantawa da ƙarfi daga gwajin bugu, ɗaya yana bi da yatsa cikin mus'hafi, harafi harafi, wasali wasali. Mahaddaci shi kaɗai ba ya isa, domin haddarsa takan gyara masa kuskuren da idonsa ya tsallake.

Bayan nan sai tsara shafi. Girman A5, wato santimita 14.8 da 21, shi ya fi dacewa da takardar da ake samu ba tare da asarar yanka ba. A bar gefe na milimita 15 a waje, 20 ta wajen ɗinki. Haruffan boko kada su gaza lamba 13, na Larabci 18, saboda dattawa da masu karatu da fitilar hannu. A mayar da aikin PDF tare da cusa salon haruffan a ciki. Wannan wurin ne aka fi yin kuka: an kai fayil a buɗe, kwamfutar maɗaba'a ba ta da haruffanku, ƙ ta koma akwati, haruffan Larabci suka tsintsinke ko suka juya hagu zuwa dama.

Mataki na ƙarshe kafin inji ya tashi shi ne samfur. Mai maɗaba'a ya fitar da kwafi ɗaya cikakke, a naɗe, a jere. Ku tafi da shi gida ku kwana biyu da shi, ku duba jerin shafuka, sannan ku sa hannu a kan takardar amincewa da suke kira BAT. Kuskuren da ke cikin samfurin da kuka sa wa hannu naku ne. Wanda ya saɓa wa samfur na maɗaba'a ne, kuma ita za ta sake. Kafin alƙalami kada ya wuce rabin kuɗi, sauran sai an ƙirga kaya.

Takarda nawa kwafi dubu ke ci?

Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya kamata ma'aji ya iya shi da kansa. Takardar A4 ɗaya in an naɗe ta biyu tana ba da shafi 4 na A5. Shi ya sa yawan shafukan littafi dole ya rabu da 4, a babban inji ma da 16. Littafi mai shafi 64 yana cin takarda 16. Kwafi 1,000 ke nan takarda 16,000. Rim ɗaya 500 ne, wato rim 32. A ƙara kashi 5 cikin ɗari na ɓarnar saita inji, ya zama rim 34. Bango takarda ce daban, mai sheƙi, giram 250 (ma'aunin kaurin takarda ne), ɗaya ga kowane kwafi, a shafa mata leda don gumin hannu.

Takardar ciki giram 70 ko 80 ta fi. Ta jarida ta fi araha, amma tana yin ja da sauri, kuma wasalin bayan shafi yana lekowa ya rikita mai karatun Larabci. Da giram 80 kwafi ɗaya yana kusan giram 96, kwafi dubu kusan kilo 100, abin da adaidaita ɗaya za ta ɗauka.

Har zuwa shafi 64 ɗinkin waya biyu a tsakiya ya wadatar. Sama da haka littafi ba ya rufuwa, sai a koma ga gam ko zare. Gam kaɗai ba ya jure zafin Afrilu da Mayu tare da buɗewar kullum: yana bushewa, shafuka su fara zubowa. Littafin da za a karanta a zaure kowace safiya a ɗinke shi da zare sannan a sa gam. Kaurin gadon baya kuwa, shafi 200 na giram 80 yana ba da kusan santimita 1.

A Maraɗi za mu buga ko a Kano?

Yawan kwafi ne ke yanke hukunci. Kwafi 100 zuwa 500 na baƙi da fari injin Riso ya ishe su, kuma ana samun sa a gari. Daga 1,000 zuwa sama injin faranti ya fi sauƙi, domin kuɗin farantin sau ɗaya ake biya, yana rabuwa a kan kwafi masu yawa. Kano tana da injuna da takarda da gwanayen Larabci da ajami, amma kada ku kwatanta farashin maɗaba'a kaɗai. Ku haɗa da canjin naira da sefa, wanda ke iya motsawa tsakanin kafin alƙalami da cikon kuɗi, da mota ta Katsina, Jibiya da Ɗan Isa, da duwan, da kuɗin zuwa duba samfur. Iyakar nan an rufe ta a 2019, an sake rufe ta a 2023. Littafin azumi da ya maƙale a hanya har bayan salla ya zama kayan baɗi. Shawararmu: bugun gwaji na kwafi 300 a gida, in kasuwa ta karɓa sai a yi babba.

Yaya ake sa farashi, kuma riba nawa za mu sa rai?

Mu ɗauka maɗaba'a ta ci jaka 350 (jaka ɗaya sefa 1,000) a kan kwafi 1,000, buga rubutu da dubawa da zanen bango jaka 60, dako da kwali jaka 20. Jimla jaka 430, wato kowane kwafi ya tsaya sefa 430. Kun sa farashi sefa 750, dala ɗari da hamsin. Ɗan sari ba zai ɗauka a haka ba, sai an rage masa kamar kashi 30, ya biya 525. Kwafi 100 kuma ku cire su tun yanzu: na marubuci, na malaman da suka duba, na limaman da za su yi sanarwa, da waɗanda suka lalace. Saura 900.

In duka ta hannun ƴan sari suka fita, kun sami 472,500, riba 42,500 kacal, kuma sai an sayar da kwafi na 820 kafin uwar kuɗi ta cika. In kuwa kun sayar da 400 da hannunku a 750, sauran 500 a sari, kun sami 562,500, riba 132,500. Nan ake gane abu biyu. Sayarwar kai tsaye ita ce ke ciyar da maraya. Kuma bugu na biyu ya fi na farko albarka, tunda jaka 60 ɗin shiri ba za a sake biyan ta ba. Don haka fayil ɗin PDF da aka gyara dukiya ce: a ajiye shi wuri uku, hannun mutum uku.

Me za mu rubuta a bango game da sadakar?

Abin da za ku iya cikawa, da lafazin da ba ya ruɗi. "Kuɗin wannan littafi na marayu ne" ba daidai ba ne in riba kaɗai ke zuwa gare su. Mafi tsabta a faɗi adadi: sefa 100 daga kowane kwafi za ta je ga abu kaza. Mai saye ya san abin da ya bayar, ma'aji ya san abin da zai ware ranar da aka sayar. Kuma in an ce marayu, to marayu ne. Ba a karkatar da shi ga fentin masallaci sai da sanin waɗanda suka saya a kan wancan sharaɗi.

Ina ake sayarwa, kuma yaushe?

Ƙofar masallatan Juma'a, babbar kasuwa ranar Litinin da Juma'a, tashoshin mota, wuraren tafsiri, islamiyyun matan aure, da kasuwannin Tibiri, Madarunfa da Gidan Runji. Makaranta ɗaya da ta sa littafinku cikin karatunta ta fi tabarma goma, domin kowace shekara sabbin ɗalibai na zuwa. Akwai kuma masu sayen ɗari ko ɗari biyu su raba a walimar sauka ko don ladan iyayensu da suka rasu. Ga irin waɗannan a bar fili a bangon baya inda za a buga hatimin neman addu'a.

Lokaci yana da hukunci. Littafin azumi ya kasance a hannu tun farkon Sha'aban, wato aikin ya fara tun Jimada. Jagoran mahajjaci a Shawwal. Littafin yara kafin komawa makaranta a Oktoba. Karkara kuwa da kaka ake bin ta, lokacin da amfanin gona ya shigo hannu.

Bashi shi ne ramin da ya fi cin jari. Kada a ba mai talla fiye da kwafi 20 a karon farko, a rubuta cikin kaye ya sa hannu, ba a ƙara masa sai ya kawo kuɗin na baya. Masu saye daga nesa su turo ta Nita, Amana ko Airtel Money zuwa lambar ƙungiya, ba ta wani mutum ba, sannan a sa kaya a mota.

Yaya ake ajiye littattafai kada su lalace?

Gara, ɓera da danshi su ne abokan gaba. Kwali kada ya taɓa ƙasa ko bango: a ɗora a kan katako ko bulo, taƙi ɗaya daga ƙasa, taƙi ɗaya daga bango. A ɗaure hamsin hamsin cikin leda kafin a sa a kwali, kada a jera kwali fiye da biyar. Da damina a duba rufi, a ɗaga kwalin ƙasa duk mako biyu, domin gara daga ƙasa take ci, sama na nan lafiya a ido. Wanda ya ga ruwan 2024 a garin nan ba zai ajiye jarin marayu duka a ɗakin ƙasa guda ba. A raba gida biyu.

Mun gano kuskure cikin aya bayan an gama bugu. Me za mu yi?

Ku tsayar da sayarwa a ranar, ku karɓo na hannun ƴan talla. In harafi ne ko wasali, a buga gyaran a ƙaramar takarda mai gam a liƙa a kan wurin, kwafi bayan kwafi. In kalma ta faɗi ko aya ta haɗu da wata, a cire takardar gaba ɗaya a sake buga ta. A littafin ɗinkin waya wannan shafi 4 ne kawai. Takardun da aka cire, da ɓarnar saita inji, ba a barin su a maɗaba'a su koma hannun mai ƙosai ko mai tsire. Ku sa cikin yarjejeniya cewa za a miƙo muku su. A ƙone su a wuri mai tsarki a binne tokar, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya sa aka ƙone sauran rubuce-rubuce bayan an haɗa mus'hafi.

In littafin ya bazu a WhatsApp, ba mu yi asara ba?

Ilmin ya isa inda ƙafarku ba ta kai ba, wannan ba asara ba ce. Ciniki kuwa yana iya raguwa, shi ya sa ba a sakin fayil sai uwar kuɗi ta dawo. Bayan nan ku sake shi da kanku, da shafin farko mai bayanin aikin da lambar da ake tura gudummawa. Kafin lokacin ku yaɗa shafi biyar ko shida, ko muryar Malam yana karanta babi ɗaya, wanda ya fi isa ga iyayenmu mata da ba su karanta boko ko ajami.

Sai mun yi takardun hukuma?

In aikin ya wuce bugu ɗaya, ku yi. Ƙungiyoyi a Nijar suna ƙarƙashin doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984. Ana shigar da takardu ta hannun hukumar gari, izini kuma daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. Da shi ake buɗe asusu da sunan ƙungiya, wanda ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Wanda zai yi abin a matsayin kasuwanci yana buƙatar rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF. Mai son tsayar da waƙafi babba ya san cewa ƙasa ta yi dokar waƙafi a 2019, kuma akwai hukumar da ke kula da shi a Yamai.

Mu Kirista ne. Wannan bayani ya shafe mu?

Lissafin takarda, ɗinki, ajiya, bashi da raba uwar kuɗi da riba duka ɗaya ne. Littafin waƙoƙi, jagoran addu'a da darussan yara su ne ƙananan da ke fita. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, amma fassarorin da ake karantawa yanzu suna da masu haƙƙi, sai an nemi izini kafin a kwafi dogon nassi.

Yaushe ake raba riba, kuma wa ake nuna wa lissafi?

Sau biyu a shekara ya wadatar, bayan ƙaramar salla da bayan kaka. Ranar a ƙirga kwafin da suka rage a gaban mutum uku, a haɗa da kuɗin hannu da bashin da ke waje. Bashi ba ya shiga riba sai ya dawo. A fara cike uwar kuɗi. Abin da ya hau, muna ba da shawarar kashi 60 ga mabuƙata, 30 a ƙara a jari tunda takarda ba ta tsayawa a farashi ɗaya, 10 a ajiye don gyaran kuskure ko lalacewa. In kun yi alkawarin sefa 100 a bango, ita ake fara warewa kafin wannan rabo.

Ku zaɓi buƙata ɗaya da ake iya ƙirgawa: kuɗin makaranta da kayan sawa na marayu goma, ko maganin majinyatan da ba su da mai jinya, ko gyaran famfon unguwa. Wanda ke riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai kai wa mabuƙata daban. Takardar lissafi shafi ɗaya a liƙa a allon masallaci, a kuma buga ta a shafin ƙarshe na bugu mai zuwa: kwafi nawa aka buga, nawa aka sayar, nawa aka kashe, mutum nawa suka amfana. Sunan maraya da hotonsa ba su shiga wannan takarda. Suna zama cikin kayen magatakarda, inda mai unguwa ko liman ya sa hannu a gefen kowane suna ranar da aka miƙa.